Yadda Na Koya wa Agogo Hausa

Jawabin da wani tsohon ɗalibi ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Da sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa ana so in yi magana a kan aikin kwamfuta, na daɗe ina juya ta a hannu. Akwai waɗanda suka fi ni sanin wannan fanni a cikin ɗakin nan, wasunsu ma a bayansu nake zama a aji ina leƙen littafinsu na lissafi. Saboda haka ba zan yi muku lacca mai zurfi ba. Labarin wani ɗan aiki zan ba ku, wanda na yi da hannuna saboda larurar da ta same mu a gida, da abin da na koya a cikinsa.

Kafin nan, bari in tuna muku wani abu. Duk wanda ya yi karatu a nan zamaninmu bai manta da tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a jikin bishiya kusa da ofishin malamai ba. Shi ke tashe mu, shi ke kai mu aji, shi ke kiranmu ɗakin cin abinci. Ba wanda ke da agogo a cikinmu sai ɗalibin da aka ɗora wa buga shi. Da kunne muke sanin lokaci, ba da ido ba. Har yau in Bahaushe zai faɗi lokaci, ƙarfe yake ambata: ƙarfe biyu, ƙarfe biyar. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da ya jawo aikin

Mahaifina tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Mutum ne da ya yi rayuwarsa da agogo a aljihu, wanda in ya ce maka ƙarfe huɗu, to, ƙarfe huɗu da minti ɗaya ka makara. Da girma ya zo, sai ciwon da likitoci ke kira gilakoma ya kama shi. Ciwo ne da ruwan cikin ido ke taruwa ya matse jijiyar gani, kuma ganin da ya tafi ba ya dawowa. Ido ɗaya ya tafi gaba ɗaya, ɗayan kuwa sai ɗan haske. Likita ya ba shi maganin ɗigawa safe da dare, ya ce a kiyaye lokacinsa, don shi ne zai tsare ɗan abin da ya rage.

Ba rashin karanta jarida ya fi damunsa ba. Tambayar lokaci ta fi damunsa. Sau ashirin a yini sai ya ɗaga murya ya ce, “Wa ke kusa? Ƙarfe nawa?” Wani lokaci a amsa, wani lokaci yara suna wasa. Wata rana na je gaishe shi na tarar da agogon aljihunsa a hannunsa, ya kara shi a kunne yana sauraro. Ya ce mini, “Injiniya, yana tafiya, amma ya daina yi mini magana.” Na fita waje na tsaya a zaure, don kada ya ji muryata ta canja.

Na saya masa agogon hannu mai magana, sai ya kasance Turanci yake yi, da wata siririyar murya da kunnen tsoho ba ya kamawa. Wayar zamani kuwa gilashi ce sumul, ba abin da yatsa zai lalubo. Sai na tuna da wata tsohuwar kwamfutar cinya da ke ajiye a ofishina. Na ce, me zai hana in sa ta ta riƙa gaya wa Baba lokaci da Hausa?

Ba ni na fara ba

Da na shiga bincike, sai na ga ashe tunanin tsoho ne. A birnin Faris na ƙasar Faransa, shugaban gidan nazarin taurari, Ernest Esclangon, ya gaji da yadda jama'a ke tare masa layin waya da tambayar lokaci, sai ya sa aka ƙera na'urar da za ta riƙa amsa musu. Ta fara aiki ranar 14 ga Fabrairu, 1933, ba a kuma rufe ta ba sai a 2022. Ingila ta bi sahu ranar 24 ga Yuli, 1936. Can aka yi gasa tsakanin mata masu haɗa layin waya, wata mai suna Jane Cain ta ci, aka ɗauki muryarta a kan fayafayen gilashi. Ba kowane lokaci ta faɗa ɗaya bayan ɗaya ba. Guntayen magana aka ɗauka, na'ura ta riƙa harhaɗa su gwargwadon lokacin da ake ciki.

Wannan ita ce hanya ta farko ta sa inji magana: ka ɗauki muryar mutum, ka yayyanka, ka jera. Hanya ta biyu ita ce inji ya ƙirƙiri muryar da kansa. A 1939 wani injiniya Ba'amurke, Homer Dudley, ya nuna wata na'ura mai suna Voder a baje kolin duniya na birnin New York, wadda ake sarrafawa da yatsu da ƙafa kamar molo da ganga, ta fitar da kalmomi. Daga wannan zuriya aka samu muryar da shahararren masanin kimiyyar nan Stephen Hawking ya yi shekaru yana magana da ita bayan ya rasa tasa. Hanya ta uku sabuwa ce: a ba kwamfuta sa'o'i masu yawa na maganar mutum tare da rubutunta, ta koyi kwaikwayo da kanta. Kamfanin DeepMind ya nuna ƙarfin wannan hanya a 2016, kuma a 2023 kamfanin Meta ya fitar da irin waɗannan muryoyi na harsuna fiye da 1,100, har da Hausa.

Ɓangaren da ya zo da sauƙi

Abin da na so in yi shi ne ɗan agogo da zai zauna a kusurwar fuskar kwamfuta, ba ya ɓuya a bayan komai. Irin waɗannan 'yan ƙananan manhajoji masu aiki ɗaya tak su masu sana'ar ke kira wijet. Waɗanda suka yi amfani da Windows Vista da ta fito a 2007 za su tuna da su jere a gefen dama: agogo, kalanda, yanayin gari. Nawa na rubuta shi da harshen kwamfuta da ake kira Python, wanda kyauta ne, kuma yaron aji huɗu zai iya koyonsa.

Kwamfuta ta riga ta san lokaci. A cikinta akwai wani ɗan dutse da ake kira kwatz, wanda in an ba shi wuta yake kaɗawa sau 32,768 a kowace daƙiƙa. In ka raba wannan adadi biyu, ka sake rabawa, har sau 15, za ka tarar da ɗaya. Haka ake samun daƙiƙa. Akwai kuma ɗan batiri mai kama da kwabo da ke riƙe wannan lissafi ko da an kashe kwamfutar. Aikina kawai shi ne in ce wa manhajar: kowace daƙiƙa ki tambayi lokaci, ki rubuta shi da manyan lambobi farare a kan baƙi. In awa ta cika, ki faɗa. In an taɓa dogon maɓallin nan na ƙasa, wanda ko makaho zai lalubo, ki faɗa. In lokacin magani ya yi, ki tuna masa. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 4 na asuba ki yi shiru, sai in an tambaye ki. A yini biyu na gama wannan. Na ɗauka aiki ya ƙare, ashe ko fara shi ban yi ba.

Inda Hausa ta kayar da ni

Da farko na ba muryar Turancin da ke cikin kwamfutar rubutun Hausa ta karanta. Jama'a, ba a cewa komai. Ƙ mai lanƙwasa ta gagare ta, ɗ ma haka, “huɗu” ya koma wani abu da ba shi da suna. Baba ya saurara ya ce, “Wannan Baturen mura yake yi?”

Ba laifin harufa kaɗai ba ne. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Mu da muka sha harshen a nono ba ma lura, amma ku duba kalmomin da ke cikin faɗin lokaci kawai. Tara ta lissafi dabam, tara ta tara kuɗi dabam. Sha na sha biyu dabam, sha na shan ruwa dabam. Da na “uku da rabi” gajere ne, da na “mutanen da” kuwa dogo ne. A takarda duk kamarsu ɗaya. Injin da ke karanta rubutu dole ya yi canke, kuma ko sababbin muryoyin nan masu koyo sukan yi tuntuɓe a nan. Ga shi kuma tsohuwar kwamfutata ba ta da ƙarfin ɗaukarsu, gidan Baba kuma ba intanet. Sai na koma hanyar mutanen 1936.

Na zauna da takarda na yi lissafi. Akwai minti 1,440 a kwana guda, ba wanda zai zauna ya faɗe su duka. Amma kalmomin da muke faɗinsu da su kaɗan ne: yanzu, ƙarfe, da, minti, saura, kwata, rabi, daidai, sai ɗaya zuwa goma, sai sha da ashirin, sai na asuba, na safe, na rana, na yamma, na dare. Guda 25 ke nan. Ko talatin ba a bukata, domin Bahaushe in ya kai rabi, sai ya juya ya fara ƙirga abin da ya saura.

Muryar wa za a ɗauka? Baba da kansa ya yanke hukunci. Akwai jikarsa, 'yar ƙanwata, wadda yake tsokana yana kira amaryarsa, ita kuma tana ce masa ya tsufa ba ta so. Ya ce ita yake so. Muka jira dare ya yi, janaretocin unguwa suka yi shiru, muka shiga mota muka rufe gilashi, don kujerun mota suna shanye amsa-kuwwa. Ta faɗi kalmomi 25, na yanka su da wata manhaja ta kyauta mai suna Audacity, na jera.

Da na kunna, kowace kalma ta fita sarai, amma jimlar ba ta mutum ba ce. Kamar mutum takwas ne a layi kowa ya jefo kalma ɗaya. Na yi kwanaki ina neman dalili a cikin manhaja, ban samu ba, sai da na kai wa wani tsohon malaminmu na Hausa, wanda yake zaune a nan gaba yau. Ya yi dariya ya ce ai ya koya mana wannan, barci nake yi. Muryar Bahaushe, in ji shi, tana sauka ne kamar matakala daga farkon jimla zuwa ƙarshenta. Biyu da ke cikin “ƙarfe biyu” tana sama, biyu da ke ƙarshen “da minti ashirin da biyu” ta riga ta gangaro. Ni kuwa na ɗauki kowace kalma ita kaɗai, kowacce da muryar ƙarshen magana, na ce su zauna lafiya.

Muka koma mota. Wannan karon cikakkun jimloli na sa ta faɗa, sannan na yanko gaɓar da nake so daga inda take zaune. “Yanzu ƙarfe kaza” guda 12. “Da minti kaza” guda 28, “saura minti kaza” guda 28. Sai da kwata, da rabi, saura kwata, da daidai. Sai sassan yini guda biyar. Jimla 77. Dare uku muka yi, ta yi fushi sau biyu, na biya ta da tsire. Da na kunna, sai ga yarinya tana magana kamar tana tsaye a ɗakin.

Saura kuma abin da ba littafin da zai gaya maka. Ƙarfe bakwai na yamma ne ko na dare? Ƙarfe huɗu na dare ne ko na asuba? Na tambayi mutum biyar na samu amsa uku. Sai na ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, na tambayi mai agogon. Baba ya ce asuba daga 4, safe daga 6, rana daga 12, yamma daga 4, dare daga 7. Ya kuma gyara mini wani abu: in saura kwata sha biyu ta yi, “na rana” ake cewa, ba “na safe” ba, domin awar da aka ambata ake bi.

Kurakurai biyu

Ranar da na kai masa, gida ya cika. Aka yi ta taɓa maɓalli ana dariya. Can bayan sha biyu da rabi, Baba ya taɓa, sai muka ji shiru, sannan “na rana” kawai. Na duba, ashe na gaya wa manhajar cewa in an wuce rabi ta ƙara ɗaya a kan awa. Ta ƙara ɗaya a kan sha biyu, ta tafi neman ƙarfe sha uku, ba ta samu ba. Na manta in gaya mata cewa bayan sha biyu ɗaya ake komawa. Yaron firamare ya san wannan, amma kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da ka faɗa mata. Layi ɗaya ya gyara shi.

Kuskure na biyu ba na dariya ba ne. Bayan 'yan watanni aka ɗauke wuta kwana biyu, babban batirin ya ƙare. Ashe ɗan batirin nan mai kama da kwabo ya daɗe da mutuwa, ban duba ba. Da wuta ta dawo da misalin bakwai na safe aka kunna kwamfutar, sai lissafinta ya koma sha biyun dare na wata tsohuwar shekara. Tunda a ganinta dare ne, sai ta bi umarnina ta yi shiru. Ƙarfe takwas ta wuce ba ta tuna masa magani ba. Mutanen gida kuwa sun riga sun saki jiki, sun bar mata aikin. Sai wajen ƙarfe goma ya gaji da jira ya taɓa maɓalli, ta ce masa, cikin muryar nan mai daɗi, ƙarfe uku da minti biyar na dare.

Ya sa aka kira ni a waya. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, “Injiniya, ko makaho ya san zafin rana. Amma da cewa ta yi ƙarfe bakwai, da na yarda.” Wannan magana ta hana ni barci. Mai ido in agogo ya yi masa ƙarya, zai leƙa taga ko ya dubi wani agogon. Wanda na yi wa aikin ba shi da wannan. Na yi agogon da ya iya magana, amma ban koya masa cewa “ban sani ba” ba.

Na canja batirin. Sannan na ƙara wata doka: duk lokacin da manhajar ta ga shekarar da kwamfuta ke nunawa ta kasa shekarar da na rubuta ta, kada ta faɗi lokaci ko kaɗan. Muka sake ɗaukar jimla guda: “Kaka, agogo ya ɓata, a kira Kawu.” Takan maimaita ta duk minti biyar har sai an gyara. Kuma da yake ɗan dutsen nan yakan yi sauri ko jinkiri da daƙiƙa ɗaya ko biyu a yini, na ɗora wa wani ƙanena daidaita ta da rediyo duk farkon wata. Na kuma roƙi mutanen gida cewa maganar magani tana wuyansu, na'ura mataimakiya ce kawai.

Abin da nake so ku tafi da shi

Baba ya yi shekara biyu da wani abu yana amfani da agogon nan kafin Allah Ya yi masa rasuwa. Ɗan hasken idonsa bai tafi ba har ƙarshe. Ya daina tambayar kowa lokaci, har ya koma shi ke gaya wa mutane. In baƙo ya daɗe, sai ya miƙa hannu ya taɓa maɓalli ya ce, “Ka ji, amarya ta ce dare ya yi.”

Ƙannena ɗalibai, in na auna wahalar aikin nan, ta kwamfuta ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sauran duk ta Hausa ce da ta sauraron mutum. Mu a zamaninmu darasin Hausa muka raina, muna ganin na waɗanda suka kasa kimiyya ne. Ga shi sai da na koma gaban malamin Hausa da furfura a kaina kafin injina ya yi magana. Masu ƙera waɗannan na'urori a Amurka da Turai ba su san bambancin tara da tara ba, ba kuma za su sani ba sai mun gaya musu, ko mun yi da kanmu. Tun 2017 gidauniyar Mozilla ta buɗe wani shiri mai suna Common Voice, inda kowa ke iya karanta gajerun jimloli da muryarsa don a koya wa na'urori harshensa, kuma akwai Hausa a ciki. Mai waya a cikinmu zai iya ba da minti goma.

Na zo da manhajar a faifai na ba shugaban makaranta, ba tare da muryar ba. Ina so 'yan kulob ɗin kimiyya su zaɓi mai murya a cikinsu, su ɗauki gaɓoɓin nan 77 da kansu, su yi gardama a kan ƙarfe bakwai kamar yadda muka yi. In sun gama, kowannensu ya duba unguwarsu, ba zai rasa tsoho ko tsohuwar da ke ɗaga murya tana tambayar ƙarfe nawa ba. Ni kuma na yi alkawarin zuwa Asabar ɗin farko ta kowane wata na wannan zango in zauna da su.

Mai girma shugaba, an ba ni minti ashirin, kuma na ga sakatare yana duban agogonsa. Ɗan mahaifina ba zai wuce lokaci ba.  Allah Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.